Layuka biyu a bangon jijiyar wuya: yadda manhaja ke auna su, da inda take tuntuɓe

Idan aka shafa jel a gefen wuya, aka ɗora kan na'urar sikanin, mai ɗaukar hoto da igiyar sauti, ya bi tsawon jijiyar karotid, wato babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, abin da ke fara bayyana a allo shi ne baƙin ziri a kwance. Hanyar jini ke nan, faɗinta milimita 6 zuwa 7 a jikin babban mutum. A ƙasan zirin akwai fararen layuka biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, da ɗan siririn duhu a tsakaninsu. Na sama siriri ne kamar an ja shi da bakin fensir, na ƙasa ya fi shi kauri da haske. Tazarar da ke tsakanin farkon na sama da farkon na ƙasa ita ce ake kira IMT, kaurin shimfiɗu biyu na ciki na bangon jijiya a haɗe, intima da mediya. Shimfiɗa ta uku ta waje, adbentisha, ita ce farin layin na ƙasa, kuma ba ta cikin awo.

Paolo Pignoli da abokan aikinsa a Italiya ne suka nuna, a 1986, cewa wannan tazara da ake gani a hoton sauti ta yi daidai da abin da ake aunawa a ƙarƙashin madubin likita idan aka yanko bangon jijiyar. Tun daga nan awon ya shiga manyan bincike kan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Wahalar duka a ƙanƙantar abin take. Matashi mai lafiya kaurinsa bai wuce milimita 0.4 zuwa 0.5 ba; wanda ya haura sittin yana iya kaiwa 0.7 ko 0.8. Ƙaruwar da shekaru ke kawowa kusan milimita 0.01 ce a shekara, ko ƙasa da haka. To a duba kayan awon. Na'ura tana ɗauka cewa sauti na tafiya mita 1540 a daƙiƙa a cikin jiki. A kan megahaz 7.5, wato girgizar sauti sau miliyan 7.5 a daƙiƙa, tsawon zango ɗaya na igiyar sautin kusan milimita 0.2 ne, a kan megahaz 10 kuwa kusan 0.15. Idan aka saita zurfin hoto a santimita 4, allon kuma yana da ɗigo 600 daga sama zuwa ƙasa, kowane ɗigo yana wakiltar kusan milimita 0.07. Bangon da kaurinsa ya kai 0.7 ɗigo goma ne kacal. Mai awo da hannu, idan ya ajiye alamarsa ɗigo ɗaya sama ko ƙasa da inda ya kamata, ya ƙara wa mutum ko ya rage masa abin da jijiya ke tarawa cikin shekara shida ko bakwai. Mutum biyu ƙwararru kan saɓa da fiye da haka a hoto ɗaya, kuma mutum ɗaya ma hannunsa na sauyawa a hankali cikin watanni ba tare da ya lura ba. Wannan ne ya sa aka nemi kwamfuta ta karɓi aikin jan layin.

Me ya sa bangon nesa

Jijiya a hoto tana da bango biyu, na kusa da fata da na nesa, kuma kusan duk manhajojin nan bangon nesa suke aunawa. Dalilin yana cikin yadda amsa-kuwwa ke dawowa. Duk inda sauti ya fito daga wuri mai duhu ya shiga mai haske, farkon amon yakan fito a yanke, a daidai inda iyakar take. Ƙarshen amon kuwa wutsiya ce da ke jan jiki, tsawonta ya dogara da tsawon bugun sautin da kuma yawan hasken da mai aiki ya ƙara. A bangon nesa sauti na fita daga jini ya faɗa intima, farko mai kaifi ke nan. Ya ratsa mediya mai duhu ya faɗa adbentisha, wani farkon mai kaifi. Daga farko zuwa farko ake awo. A bangon kusa abin a juye yake: sauti na fara cin karo da adbentisha mai ƙyalli, wutsiyar amonta ta malala ta rufe wani ɓangare na mediya, sai ya zama lambar da za a samu tana bin maɓallin haske, ba naman jijiya ba.

Daga nan kuma ake gane wani kuskure da ya yaɗu: kaurin farin layin na sama ba shi ne kaurin intima ba. Intima ta fi ƙarfin idon na'urar asibiti ta yau da kullum. Abin da ake gani kaurin bugun sauti ne.

Yadda manhaja ke jan layin

Aikin farko shi ne gano jijiyar. A manhajar da ba ta cika sarrafa kanta ba, mai aiki ne ke zana akwati a kan bangon nesa, faɗinsa milimita 10, manhaja ta yi sauran. Wadda ke yin komai da kanta tana neman dogon baƙin ziri a kwance wanda fari ya yi masa iyaka sama da ƙasa, ta ɗauki farin da ya fi ƙarfi a ƙasa a matsayin adbentisha, sannan ta yanka akwatinta a samansa.

Cikin akwatin, sai ta rage tsaki-tsakin da ke cika kowane hoton sauti, amma da hankali, domin goge shi da yawa kan shafe siririn layin intima. Sannan ta bi hoton tsaye-tsaye, jeri bayan jeri. A kowane jeri, daga cikin jini zuwa ƙasa, hasken yana da siffa ɗaya: ƙasa-ƙasa a cikin jini, ya hau ƙaramin tudu, ya sauka kwari, ya sake hawa babban tudu. Hawan farko iyakar jini da intima ce, hawa na biyu iyakar mediya da adbentisha.

Da a ce kowane jeri zai yanke hukunci shi kaɗai, da layin ya fito a karkace kamar haƙoran zarto, domin a wani jerin tudun farko ya ɓace, a wani kuma tsaki ya yi kama da tudu. Maganin da masu bincike a Gotenbag ta ƙasar Suwidin, su Gustavsson da Wendelhag da Liang, suka kawo a shekarun 1990 har yanzu yana aiki, kuma ya cancanci a fahimce shi da kyau. Ana sa wa kowane ɗigo tara. Ɗigon da haske ya tashi da ƙarfi a kansa tararsa kaɗan ce. Wanda haskensa na sama da na ƙasa bai yi kama da iyakar da ake nema ba tararsa babba ce. Sannan akwai tarar tsalle: duk lokacin da layi ya yi sama ko ƙasa daga jeri zuwa na kusa da shi, sai a ƙara masa. Manhaja ta lissafa hanyar da za ta ratsa akwatin daga hagu zuwa dama da mafi ƙarancin jimillar tara. Wannan dabara ce ake kira dainamik furogiramin. Kyawunta shi ne inda layin intima ya yanke na ɗigo biyar ko goma, tarar tsalle tana sa a haɗa giɓin a miƙe. Aibinta kuma a nan yake: idan giɓin ya yi tsawo, manhaja za ta ci gaba da ja, ta zana iyakar da babu ita a hoto, kuma layin ya fito sumul gwanin kyau. Idan an tsananta tarar tsalle, layi ya ƙi bin ƙaramin tudu na gaskiya. Idan an sassauta, ya bi kowane tsaki.

Akwai kuma dabarar da ake kira maciji, wadda aka fito da ita a ƙarshen shekarun 1980: a ajiye layi kusa da iyakar, a bar shi yana lanƙwasa har ya kwanta a kanta. Yana bin lanƙwasar bango da kyau, sai dai inda aka ajiye shi da fari yana da tasiri sosai, kuma adbentisha mai ƙyalli kan janye macijin intima ya faɗo kanta. Wasu na'urori ba sa jiran hoto ma. Suna aiki da ɗanyen siginar da ta dawo kafin a matse ta a mayar da ita fari da baƙi, don haka maɓallan gyaran hoto ba sa taɓa awon sosai. QIMT ta kamfanin Esaote irin wannan ce, tana nuna lambar kai tsaye ana cikin sikanin, tana haɗa bugun zuciya shida a jere.

Na baya-bayan nan su ne masu ƙirƙirarriyar basira, yawancinsu an gina su a kan tsarin U-Net da aka wallafa daga Freiburg ta Jamus a 2015. Ana nuna musu dubban hotuna da layukan da ƙwararru suka ja, su koyi shafa wa yankin intima da mediya launi. Sun fi tsofaffin dabaru jure hoto mai hazo. Amma abin da suka koya hannun waɗanda suka ja layukan ne, har da ɗabi'unsu. Idan masu koyarwar sun saba ajiye layin ƙasa ɗigo ɗaya cikin adbentisha, manhajar ma haka za ta yi har abada.

Bayan an samu layuka biyu, saura auna tazara da mayar da ɗigo milimita. Akwatin milimita 10 yana ɗauke da jeri wajen 150, inda hannu ke auna wuri uku ko biyar. Matsakaicin awo 150 ne ke ba da damar faɗin lamba da ta fi ɗigo ɗaya ƙanƙanta, domin kuskuren da ke faɗawa sama a nan, ƙasa a can, yana cinye juna. Kuskuren da ya karkata gefe guda kuwa ba ya raguwa ko da an auna sau dubu. Idan layin ya zauna ɗigo ɗaya ƙasa da wurinsa tun daga hagu har dama, manhaja za ta ba da 0.782 da cikakken natsuwa, alhali gaskiyar 0.71 ce. A ganina wannan ne babban haɗarin awo na kai-tsaye: lamba irin 0.782 mai gurbi uku tana sa mutum ya daina kallon hoton.

Hoton da ake ba ta

Tunda manhaja abin da aka ba ta take aunawa, nauyin ya koma kan ɗaukar hoto. Ƙa'idojin Mannheim, waɗanda ƙwararru suka amince da su kan awon IMT, na 2004 da gyare-gyarensu na 2006 da 2011, da kuma matsayar ƙungiyar masu sikanin zuciya ta Amurka ta 2008, sun yi kusa da juna a kan wannan. Mutum ya kwanta rigingine, wuya a ɗan miƙe, fuska ta juya kusan digiri 45 zuwa ɗaya gefen. Kan na'ura mai miƙaƙƙen baki, megahaz 7 ko sama. Zurfi santimita 3 zuwa 4, a sa wurin da sauti ya fi tattaruwa a daidai bangon nesa. A fara da yanka jijiyar a gicciye daga ƙashin wuya zuwa muƙamuƙi, a ga ko akwai tudun kitse, wato kitsen da ya taru wuri guda a bangon jijiya, sannan a juya a bi tsawonta.

Wurin awo shi ne miƙaƙƙen sashen jijiyar kafin ta kumbura gab da mararrabar da take rabuwa biyu. Mannheim ta ce a bar aƙalla milimita 5 daga farkon kumburin, a auna milimita 10 da babu tudun kitse a ciki. Kumburin ya kasance yana gefen hoto, domin shi ne alamar da za a dawo gare ta wata rana. Idan akwatin ya zame ya hau kumburin, bango a can ya fi kauri kuma ya karkace, lamba ta tashi.

Jijiyar ta kwanta sosai a allo. Dalili biyu ne. Sauti na dawo da layi mai kaifi ne kawai idan ya faɗa bango a tsaye, digiri 90. Ɗan karkata kaɗan, layin intima ya dusashe. Na biyu lissafi ne: manhajar da ke auna tazara daga sama zuwa ƙasa kai tsaye, ba a gicciyen bangon ba, tana ƙara kauri idan jijiya ta jirkice. Jirkicewar digiri 15 na ƙara kusan kashi 3.5 cikin ɗari, digiri 20 fiye da kashi 6, digiri 30 kusan kashi 15. Ana gyara wannan da danna gefe ɗaya na kan na'ura, ko a ƙara jel a ƙarƙashin ɗaya gefen. Alamar cewa an ratsa tsakiyar jijiya, ba gefenta ba, ita ce a ga layuka biyun a bangon kusa da na nesa lokaci guda.

Sai lokaci. Idan zuciya ta matse ta turo jini, jijiya na buɗewa, bangon ya miƙe ya sirance da kusan milimita 0.03 zuwa 0.05. Wannan ya kai ƙaruwar shekara uku zuwa biyar. Shi ya sa ake awo a ƙarshen sakin zuciya, a kan dogon tsinin R na ECG, wato zanen bugun zuciya da ake ɗauka da wayoyi a jiki. Inda babu wayoyin ECG, a ɗauki gajeren bidiyo na bugu uku zuwa biyar, a zaɓi hoton da jijiya ta fi tsukewa. Manhajojin da ke bin bidiyo suna yin haka da kansu ta hanyar bin faɗin jijiyar.

Haske kuma a saita shi har cikin jijiya ya yi baƙi amma layin intima bai ɓace ba. Ya yi yawa, fararen layuka su kumbura, hazo ya cika hanyar jini, manhaja ta ja layin sama a cikin jinin. Ya yi kaɗan, intima ta ɓace, layin sama ya faɗo kan adbentisha, a samu 0.3 a jikin dattijo. Maɓallan da ke gyara kyan hoto, na goge tsaki da na haɗa hotuna daga kusurwa daban-daban, duk suna taɓa kaifin iyaka. Wanda aka kunna a awon farko shi za a kunna a na biyu.

Inda take ɓata

Jijiyar jugula, mai mayar da jini daga kai, tana kwance a saman karotid ko gefenta, ita ma baƙin ziri ce. Manhaja mai neman jijiya da kanta takan kama ta, ta auna bangon da ke tsakanin su biyun. Ido na gane ta nan take: a ɗan danna, jugula ta lotse, karotid ta tsaya tana bugawa. Bangon jugular da na kusa kuma kan haifar da amo mai maimaituwa, wani farin layi na bogi da ke shawagi cikin hanyar jinin karotid, a miƙe, a kwance, daidai irin abin da lissafin tara ke so. Sauya kusurwar shiga, daga gaba zuwa gefe ko bayan tsokar wuya, yakan kawar da shi ko ya matsar da shi, alhali bango na gaskiya yana nan inda yake.

Tudun kitse matsala ce ta daban. Ma'anarsa a Mannheim ita ce wuri guda da ya kutsa cikin hanyar jini da aƙalla milimita 0.5, ko da rabin kaurin bangon da ke kewaye da shi, ko kuma kaurinsa ya wuce milimita 1.5. Ana ba da rahotonsa daban, ba a cusa shi cikin matsakaicin IMT. Manhaja ba ta san wannan ba sai an gaya mata: ko ta haɗa shi ta kumbura matsakaici, ko tarar tsalle ta sa ta yanke ta ƙarƙashinsa kamar babu shi. Tudun da ya yi tauri da alli a bangon kusa yana jefa inuwa a kan na nesa, wanda kuma yake da taushi, mai kitse da yawa, yana iya yin duhu kamar jini har sai an kunna launin gudun jini an ga inda jinin ke kauce masa.

Akwai kuskuren da ba ya cikin jiki sam. Fayil ɗin DICOM, tsarin da na'urorin asibiti ke ajiye hoto da shi, yana ɗauke da girman ɗigo a cikinsa. Idan aka fitar da hoto a JPEG, ko aka ɗauki allon da waya, ko aka rage girmansa, wannan bayani ya tafi, matsewar kuma ta ɓata iyakokin. Layuka na iya zama daidai, lambar ta zama shirme.

Duk wanda za a kawo wa irin wannan manhaja ya nemi ganin yadda aka gwada ta. Daidaituwar tashi da sauka tsakaninta da ƙwararru ba ta isa hujja ba, domin manhajar da ke ƙara 0.1 a kan kowa za ta ci wannan jarrabawa. Abin dubawa shi ne zanen Bland da Altman, wanda suka bayyana a 1986: matsakaicin bambanci, da faɗin warwatsuwarsa, da ko bambancin na ƙaruwa a bango mai kauri. A tambayi hotuna nawa ta ƙi aunawa, domin wadda ke zubar da masu wuya dole sakamakonta ya yi kyau. Ga masu ƙirƙirarriyar basira, a tabbatar an raba hotunan koyo da na gwaji bisa mutum, ba bisa hoto ba, kuma an gwada ta a kan na'urar wani kamfani.

Me lambar ke nufi

Binciken ARIC a Amurka da na Rotterdam a Holan, duka a 1997, da wani na tsofaffi a Amurka a 1999, sun nuna masu kaurin bango sun fi fuskantar toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ƙa'idojin hawan jini na Turai na 2013 sun ɗauki abin da ya wuce milimita 0.9 a matsayin alamar lahani, matsayar Amurka ta 2008 kuwa ta fi son a gwada mutum da sa'o'insa a shekaru da jinsi, a damu idan ya shiga rubu'in sama. Sai dai wani nazari da ya haɗa mutum sama da 45,000 a 2012 ya gano cewa ƙara IMT a kan shekaru, hawan jini, kitsen jini, suga da shan taba ba ya ƙara hasashe sai kaɗan, kuma a 2013 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka ce kada a riƙa yin sa ga kowa don kimanta haɗari. Wani ɓangare na kaurin ma mediya ce da hawan jini da shekaru suka ƙarfafa, ba kitse ba, shi ya sa ganin tudun kitse ya fi kaurin bango faɗin gaskiya game da haɗari. Inda awon ya fi amfani shi ne gwajin magani a kan jama'a masu yawa: nazarin 2020 da ya tattara gwaje-gwaje 119 ya nuna magungunan da ke rage saurin kaurin suna tafiya tare da raguwar haɗari.

Ga mutum ɗaya kuwa, bambancin awo biyu da aka yi a rana ɗaya yakan fi ƙaruwar shekara guda sau da yawa, don haka a ce wa majiyyaci bangonsa ya ƙaru daga 0.68 zuwa 0.71 cikin shekara ba magana ce da awon zai iya ɗauka ba. Idan dai za a maimaita, rahoton farko ya faɗi gefen da aka auna, dama ko hagu, da kusurwar da aka shiga, da nisa daga kumburin mararraba, da ko matsakaici aka bayar ko mafi kauri, da sunan na'ura da na manhaja har da sigarta. A ajiye hoton da layuka biyun a zane a kansa, a kuma rubuta idan mai aiki ya gyara layin da hannu, da tsawon inda ya gyara.